GARKA DA LAMBU A ƘASAR GWARZO DA KABO: TARIHIN KAYAN MIYA BISA SHAIDAR HARSHE

Gabatarwa

Duk wanda ya duba littattafan da aka rubuta game da tarihin noma a ƙasar Kano zai tarar yawancinsu sun tsaya ne ga abu huɗu: gero da dawa, waɗanda su ne abincin jama'a, sa'an nan gyaɗa da auduga, waɗanda suka cika baitulmalin En'e a zamanin Turawa. Kayan miya kuwa da ƙyar a kan ba su layi biyu. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Hatsi ana ƙidaya damminsa a fitar da zakka, gyaɗa ana ɗora ta bisa sikeli a rubuta, amma yakuwar da tsohuwa ta shuka a gindin danga ba wanda ya taɓa lissafa ta, abin da ba a lissafa ba kuwa ba ya shiga takarda. Alhali ba gidan da a ke son cin tuwo gaya, kuma abin da ke gyara jiki a cikin abincin talaka, bayan hatsin da ke cika ciki, yawancinsa daga tukunyar miya ya ke fitowa.

Nufina a wannan takarda in bi sawun wannan ƙaramin noma, watau na bayan gida da na bakin rafi, a ƙasar Gwarzo da Kabo. Ni ba malamin gona ba ne, aikina nazarin harshe. Amma inda takarda ta yi shiru, sau da yawa kalma ta kan yi magana, domin mutane ba su kan ɗauki sabon tsiro su bar sunansa a baya ba, kuma ba su kan yi wa abin da ba su damu da shi ba suna biyar. Saboda haka zan haɗa shaidar kalmomi da abin da aka tabbatar na tarihin ƙasar. Akwai kuma abin da ya tunzura ni. Na sha ganin littafin koyarwa yana maganar lambu kamar wani abu ne da aka kawo mana daga Turai tare da allo da alli, ɗalibi ya fita makaranta yana ganin kabeji shi ne kayan lambu, rama kuwa ciyawa ce. Wannan kuskure ne, kuma malaman makarantun horon malamai su ne suka fi kowa ikon gyara shi.

Ƙasar da Ruwanta

Gwarzo tana yamma da birnin Kano da kimanin kilomita 70, kan hanyar da ta nufi Dayi ta ƙasar Katsina. Kabo tana tsakaninta da birni. A cikin wannan yanki akwai tsofaffin garuruwa irin su Getso da Godiya, ga kuma Karaye daga kudu. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba, sauran shekara kuwa ba a sa rai da ɗigon ruwan sama. Ƙarƙashin ƙasar tsohon dutse ne wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, sai a inda ya ruɓe ko ya tsage. Rafukan da ke ratsa yankin suna gangarawa ne zuwa kogin Challawa, shi kuma ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, har ruwan ya nufi tafkin Chadi. Da kaka ta wuce sai su ƙafe a ido, amma ruwa yana nan kwance cikin yashinsu, wanda ya tona kamu biyu ko uku zai same shi.

Wannan shi ya raba ƙasar gida biyu a bakin manomi: tudu da fadama. Tudu na hatsi ne, aikinsa da damina. Fadama ita ce kwarin da ruwa ke kwanciya, ƙasarta baƙa ce mai nauyi, tana riƙe laima har cikin rani. Kalmar fadama tana daga cikin 'yan kalmomin Hausa da suka shiga Ingilishi na masana, domin ba su sami tasu da ta yi daidai da ita ba. Fadama ba ta da yawa in an gwada ta da tudu, saboda haka tun dā darajarta ta fi, rigimar gadonta kuma ta fi zafi, kuma a kanta ne manomi da makiyayi su kan haɗu da rani, domin inda albasa ke son ruwa nan saniya ke son ɗanyar ciyawa.

Gona, Garka, Lambu, Rafi

Kafin a shiga tarihi ya kamata a bambanta kalmomin, domin masu fassara sun saba cakuɗa su. Gona ita ce uwa, filin hatsi ne wanda ke jiran ruwan sama. Gandu gonar gida ce da a ke yi wa aiki tare ƙarƙashin maigida, gayauna kuwa ɗan yanki ne da a kan ba ɗa ko mace, abin da ya fito nasu ne. Garka ƙaramin wuri ne da aka kewaye da shinge, asirinta shingen ne, domin abin da ke ciki ya kan daɗe bayan an saki dabbobi da kaka. Kalmar ta fi yawa a bakin mutanen yamma da arewa, watau Katsina da Sakkwato da Maraɗi, inda ta kan ɗauki ma'anar duk wani wurin ban ruwa. Lambu shi ne abin da Bakano ya fi faɗa, asirinsa kuwa ban ruwa. Tun da ƙasar Gwarzo tana bakin iyakar Katsina, ba abin mamaki ba ne kalmomin biyu su zauna tare a cikinta. Sai kuma rafi, wanda asalinsa ruwa mai gudu ne, amma ma'anarsa ta faɗaɗa ta haɗa da lambun da ke bakinsa, har a kan ce wane ya tafi rafi alhali ba wanka ya tafi ba, a kuma kira albasa da barkono kayan rafi.

Akwai na biyar wanda ba shi da suna guda, shi ne kuwa ya fi kowanne yawa: shukar cikin gida. Kabewa ce da ta hau rufin ɗaki, da duma bisa rumbu, da 'yan tushen kuɓewa a bayan madafa, da yakuwa da rama a gindin danga, da zogale da aka kafa ya zama shi kansa shinge, da barkono inda a ke zubar da ruwan wanke-wanke. Ba a yi mata huɗa, ba a sayo mata taki, tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida sun ishe ta. Rashin sunan nan nata shi kansa shaida ne: ba a ɗauke ta sana'a ba, an ɗauke ta wani sashe ne na zaman gida, kamar shara da daka.

Lambun rafi kuwa sana'a ce sosai, kuma kalmominta sun nuna haka. Ana raba wurin komi-komi, ko fangali-fangali, kowanne da ɗan gefensa na ƙasa mai tare ruwa. A bakin rijiya ko gaɓar rafi a kafa jigo: gwafa ce a tsaye, an gitta mata doguwar sanda, gefe guda an ɗaura guga, ɗaya gefen an manna curin laka mai nauyi. Mai ban ruwa ya danna gugan ƙasa, nauyin lakar ya ɗago masa shi cike, ya juye a magudana, yaro kuma yana can da fartanya yana buɗe wannan komi yana toshe wancan. Irin wannan na'ura ce mutanen Masar suka yi amfani da ita a bakin kogin Nilu tun zamanin Fir'aunoni. Abin lura a nan shi ne jigo yana da iyaka. Ba ya ɗago ruwa daga nesa, kuma ba ya wuce ƙarfin damtsen mai shi. Saboda haka faɗin lambu ya tsaya daidai da ƙarfin iyali, ruwan da a ke ɗiba kuma da wuya ya fi wanda ke tsattsafowa cikin dare. Za mu sake komawa ga wannan batu.

Abin da Sunayen Tsirrai Su ke Nunawa

In aka jera sunayen kayan miya aka dube su da idon mai nazarin harshe, sai a ga sun kasu hawa-hawa, kamar ƙasar da mai haƙa rijiya ke ratsawa.

Hawa na ƙasa shi ne na tsirran da asalinsu na Afirka ne: kuɓewa, yakuwa, rama, gauta, karkashi, lalo, duma, da itatuwan miya irin su kuka da ɗorawa. Alamar daɗewarsu ita ce yawan kalmomin da suka kewaye kowannensu. Ɗauki yakuwa. Ganyenta yakuwa ne, a wani karin harshen kuma sure. Jan kwanson da a ke jiƙawa a sha shi ne zoɓo ko zoɓorodo. 'Ya'yanta gurguzu, in aka dafa su aka rufe suka ruɓa sai su zama daddawar batso. Tsiro guda ke nan, suna biyar ko fiye. Haka ɗorawa: 'ya'yanta kalwa, kalwa ta zama daddawa, ɓawonta makuba da a ke shafe daɓe da katanga. Harshe ba ya tara irin wannan dukiya cikin shekara ɗari.

Hawa na biyu shi ne na abin da ya ƙetaro Sahara. J. H. Greenberg, a nazarinsa na 1947 kan kalmomin Larabci da ke cikin Hausa, da M. Hiskett a nasa na 1965, sun kula da cewa da yawa daga cikin tsofaffin kalmomin aro sun shigo ne tare da al ɗin Larabci manne a goshinsu, domin wanda ya are su da kunne ya ara, bai san al ɗin ba ta cikin jikin kalmar ba. Albasa daga basal ta ke, alkama daga ƙamh. Su biyun nan kuwa, a ƙasarmu, yawanci amfanin sanyin hunturu ne, da ban ruwa a ke yin su. Ke nan shigowarsu da bunƙasar lambun rani tafiyarsu ɗaya. Albasa ta zauna har ta haifi nata kalmomin: lawashi ga ganyenta, gabu ga ganyen da aka kirɓa aka cura aka shanya don ajiya. Ta kuma shiga karin magana, inda a ke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, ga ɗan da bai gaji iyayensa ba. Wanda ya fara faɗin haka ya san da ruwa a ke rainonta. Zogale ma baƙo ne, asalinsa ƙasar Hindu, kuma ɗaya sunan nasa, bagaruwar Makka, yana nuna ta gabas aka ɗauka ya fito.

Hawa na uku yana da tarko, kuma ina so ɗalibai su kula da shi. Barkono da tattasai da attaruhu, da kabewa, da rogo, da dankali, da gyaɗa, da masara, da taba, dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito, ba kuwa yadda za a yi su kasance a ƙasar Hausa kafin 1492. Amma in ka cire masara, wadda sunanta ke nuna Masar, da taba, wadda sunanta ya zaga duniya, sauran duk kunne yana jin su kamar Hausa ce tsantsa. Wanda ya dogara ga lafazi kaɗai zai rantse barkono tun zamanin Bagauda ya ke cikin miya. Darasin shi ne shaidar harshe ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an gwada ta da ilmin tsirrai. A nan ne littafin J. M. Dalziel na 1916 kan sunayen tsirrai da Hausa, da ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, su ke da amfani ƙwarai, domin sun kama sunayen kafin kasuwar zamani ta motsa su. Akwai kuma darasi na biyu, na tarihi: manoman ƙasar nan sun karɓi waɗannan baƙin tsirrai, sun gwada su, sun zaɓi irin da ya dace da ƙasarsu, duk ba tare da malamin gona ko ɗaya ba. Wanda ya ce talaka ba ya son sabon abu bai dubi tukunyarsa ba.

Hawa na sama shi ne na zamanin Turawa: kabeji, karas, latas, kokwamba, dankalin Turawa. Waɗannan sunayensu ba su ɓoye kansu ba. Kabeji an ƙara masa wasali a ƙarshe bisa al'adar Hausa, karas kuwa daga jam'in kalmar Ingilishi aka ɗauko shi, da harafin jam'in nasa a wutsiya. Tumatir yana tsakanin hawa na uku da na huɗu: tsiron na Amurka ne, tushen sunan kuma daga harshen mutanen Meziko na dā, amma sai a ƙarni na 20 ya mamaye miya har ya zama sarkin lambu. Har yanzu waɗannan ba su haifi 'ya'yan kalmomi da yawa ba. Tumatir kaɗai ya sami kauɗa, watau wanda aka yanka aka shanya, ita ma kalmar aro ya yi daga busassun abubuwan da suka riga shi.

Kafin Zuwan Turawa

Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yaba yalwar ƙasar da yawan amfanin gonarta. Amma shaidar da ta fi ƙarfi game da lambu ita ce ta haraji. A ƙarni na 19 masarautar Kano tana karɓar kuɗin ƙasa a kan manomi, da kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin shuka da kuɗin rafi a kan amfanin da ba hatsi ba, irin su rake da albasa da taba da rogo da dankali. Jakadu ne ke fitowa daga birni su tattara wa hakimai, da kuɗin wuri. Sarauta ba ta kan ƙirƙiro haraji domin abin da ba shi da riba. Kasancewar kuɗin rafi da sunansa dabam ya isa ya tabbatar cewa lambun rani ya riga ya zama sana'ar kasuwa tun kafin Bature ya taka ƙasar. Shukar cikin gida kuwa jakada bai taɓa leƙa ta ba, shi ya sa tarihi ya manta da ita.

Akwai wani abin da ya shafi yammacin Kano musamman. A cikin ƙarnin nan yankin yana fuskantar hare-haren mayaƙan Maraɗi, saboda haka mutane suka taru cikin garuruwa masu ganuwa. Ganuwar ƙasar Hausa kuwa ba gidaje kaɗai ta kan kewaye ba, a kan bar fili da kududdufi a ciki domin ranar tsoro. Kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ya kan riƙe ruwa bayan damina, gefensa kuma ya zama wurin shuka. Garin da ke iya fitar da miyarsa daga cikin ganuwarsa ya fi jure wa kwanakin da ba a iya fita daji.

Zamanin Turawa

Turawa sun ci Kano a 1903. Cikin 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, suka narkar da tsofaffin harajai cikin haraji guda, suka kuma nemi a biya da kuɗin ƙarfe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya tashi. Daga nan hankalin ma'aikatar gona ya koma kan abin da jirgi zai ɗauka zuwa teku. Tashar binciken noma da aka kafa a Samaru a 1922 ta fi ba da ƙarfinta ga auduga da gyaɗa da hatsi, da kuma noman shanu da aka fara yaɗawa daga 1928. Yakuwa da karkashi ba su cikin lissafi.

Yunwa ce ta kan tuna wa mutane da su. Ruwa ya yi ƙaranci a 1913, aka shiga yunwar 1914 wadda Kanawa suka sa wa suna Kakalaba. A irin wannan shekara, abin da ke tsakanin iyali da halaka shi ne rogon garka, da dankalin fadama, da ganyayen da a ke kwaɗantawa, irin su tafasa da rama da zogale. Bayan farin da suka addabi Arewa a farkon shekarun 1930, hukuma da kanta ta shiga kwaɗaitar da mutane ga rogo da dankali, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasa fara ba ta cin sa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wani canjin da ya fi wannan zurfi ya faru ne a cikin gidaje. Bauta ta yi ta raguwa tun daga farkon mulkin Turawa har aka soke ta a doka a 1936. M. G. Smith da waɗansu masana sun nuna cewa a idon mutanen wancan zamani aikin gona ga mace alamar bauta ce, saboda haka da 'yanci ya samu, mata da yawa suka bar gona, kulle kuma ya yaɗu daga gidajen malamai da sarakai zuwa ƙauye. Matan Maguzawa, waɗanda ke da yawa a yammacin Kano, su suka ci gaba da riƙe gayaunarsu a fili. Ga sauran kuwa, noman mace ya koma cikin danga. Ita ke ajiye irin kuɓewa cikin ƙwarya ko tsumma daga bana zuwa baɗi, ita ke shanya ta a daka, ita ke aika yarinya da kwaɗon zogale talla. Ta haka aikin ya rabu: lambun rafi na maza da kasuwa, shukar gida ta mata da tukunya. Malaman gona kuwa maza ne, ba su wuce zaure, saboda haka rabin ilmin kayan miya na ƙasar nan bai taɓa isa kunnensu ba.

A makarantun elementare an yi lambuna, wannan gaskiya ne. Amma irin da a ke rabawa yawanci na kabeji da karas da latas ne, kuma ba safai a kan gayyaci mai rafin garin ya koya wa yara abin da ya sani ba. Nan ne tushen kuskuren da na ambata a farko.

Daga Jigo zuwa Inji

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko Audu Bako ya ɗora ta bisa hanyar gina madatsun ruwa. An gama Bagauda a 1970, Tiga a 1974, farin 1972 zuwa 1974 kuma ya ƙara wa shirin ƙarfi. Yammacin jihar ya sami rabonsa: Watari a ƙasar Bagwai, da ƙananan madatsu irin su Guzuguzu da Magaga da Pada a yankin Kabo da Gwarzo, daga baya kuma babbar madatsar Challawa a ƙasar Karaye a 1992. A 1976 gwamnatin tarayya ta yi shelar shirin ciyar da ƙasa, ta nemi kowane gida da kowace makaranta su shuka wani abu a bayan ɗaki, abin da matan ƙauye ba su taɓa dainawa ba. A shekarun 1980 hukumar raya noma ta jihar, KNARDA, da taimakon Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur da 'yan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, shirin Fadama na ƙasa kuma ya ci gaba da wannan daga farkon shekarun 1990.

Kada a raina amfanin da aka samu. Mutum guda da inji yana shayar da abin da goma ba su iyawa da jigo. Samarin da dā su kan tafi cin rani suka sami abin yi a gida, kayan gwari na ƙasar Kano kuma suka riƙa cika motoci zuwa Legas. Amma kowane ci gaba da kuɗinsa. Iyakar nan da jigo ya sa ta gushe, domin inji yana iya zuƙe rijiya fiye da yadda ta ke tsattsafowa. Manyan madatsu sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, watau lambun wani ya sha ruwan lambun wani. Mai lambu kuma ya koma mai saye: iri daga kanti, takin zamani, maganin feshi, fetur. Da kowa ya raja'a ga tumatir, sai ya zama cuta guda tana iya kwashe amfanin gari guda. An ga haka a 2016, sa'ad da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da maƙwabtanta, farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba. An sake ganin wani gefen abin bayan janye tallafin fetur a 2023, sa'ad da kuɗin ban ruwa ya ninka. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, yanzu kuwa har da kuɗin aljihu.

Ita ma shukar gida ba ta tsira ba, amma abin da ke cin ta dabam ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo mutum fiye da 180,000, Kabo fiye da 150,000. Gida ya kan rabu tsakanin magada, filin bayan ɗaki ya zama ɗaki, dangar kara da zogale ta zama katangar bulo, tsakar gida ta sha siminti, rufin kwano kuma kabewa ba ta jin daɗinsa da zafin rana. Duk da haka, a shekarun da tumatir ya gagari talaka, busasshiyar kuɓewa da kuka da yakuwa su suka riƙe tukunya, kamar yadda suka riƙe ta a 1914.

Abin da Ya Rage ga Malamai

Abin da wannan bincike ya nuna a taƙaice shi ne: ƙaramin noma a ƙasar Gwarzo da Kabo tsoho ne, ya karɓi baƙi daga arewa da gabas da ƙetaren teku ba tare da ya saki nasa ba, kuma sashensa da ya fi jure wa fari da tsada shi ne wanda bai dogara ga abin saye ba. Wannan sashe kuwa a hannun mata tsofaffi ya ke, ba a rubuce ba.

Kwanan baya na sa ɗalibaina su rubuta sunayen ganyayen miya da na kwaɗo da suka sani. Waɗanda suka tashi a birni ba su yi nisa ba suka tsaya, waɗansu ma sun san sunan ba su taɓa ganin tsiron ba. Sunan da ya rabu da tsironsa ba ya wuce tsara guda, in kuwa sunan ya tafi, sanin lokacin shuka da yadda a ke ajiye iri ya bi shi.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantun horon malamai abu uku. Na farko, duk ɗalibin da zai tafi hutu ƙauye a ba shi aikin tattaro sunayen kayan miya daga bakin kakarsa, ya rubuta sunan, da garin da ya ji shi, da sashen tsiron da a ke nufi, da abin da a ke yi da shi. Na biyu, a lambun makaranta a ware komaye ga yakuwa da rama da karkashi da gauta, irin kuwa a karɓo shi daga gidajen garin. Na uku, a riƙa gayyatar masu rafi su yi wa ɗalibai bayani da Hausa, a rubuta kalmomin sana'arsu yadda suka faɗe su, musamman na jigo, tun da sauran waɗanda suka ja shi da hannunsu. Abin da aka tattara a aiko wa wannan sashe, za mu jera shi gari-gari mu gwada da abin da Dalziel da Bargery suka rubuta, mu ga abin da ya ɓace da abin da ya saura.